Tarihin Rufe Ɓargon Haƙori: Daga Zinariya Zuwa Siminti

A tsakiyar kowane haƙori, na mutum ko na dabba, akwai nama mai taushi wanda jijiyoyi da hanyoyin jini suka ratsa, shi ne ɓargon haƙori, kuma da zarar karaya ko ruɓa ta tone shi, ko dai a rufe shi ya warke ko kuma ya mutu. Tun a 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙoran Sarki Frederick na Furusiya, ya bayyana yadda ake kifa ɗan faifan zinariya a bakin raunin. A 1920 Bajamushe Hermann ya shigo da kalsiyam haidiroksaid, dangin farar ƙasar da ake shafe bango da ita, wanda ke ɗan ƙona saman naman har haƙorin ya zaburo ya gina sabon ɓawo mai tauri da ake kira gadar dantin.

Sai dai ɓeraye ne suka raba gardama a kan abin da ke kashe ɓargon. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, a Amurka, suka huda turamen ɓeraye kashi biyu, wato na gama-gari da waɗanda aka raina ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu ba, suka bar ramukan a buɗe. Na gama-garin ɓargonsu ya ruɓe ya tara mugunya, amma na kashi na biyu suka gina gada suka warke, duk kuwa da abincin da ke cushewa cikin ramin. Daga nan aka gane cewa darajar kowane magani tana ga yadda yake toshe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma nan ne kalsiyam haidiroksaid ya gaza, domin yana narkewa da daɗewa, gadar da yake haifarwa kuma sau da yawa tana da 'yan kafofi.

Wannan giɓi ne Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda ya cike a farkon shekarun 1990 da MTA, garin da asalinsa simintin gini ne da aka tace, mai daskarewa ko da akwai danshi, wanda aka gwada a haƙoran birai da karnuka kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Yau karen da ya karya fiƙa wajen tauna ƙashi, da MTA likitan dabbobi ke ceto masa haƙori, bisa sharaɗin a kai shi asibiti cikin kwana biyu da karayar.