Kumburin laka mai alaƙa da borin jini: yadda ake gane shi

Laka ita ce jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin gadon baya. Idan ta kumbura, saƙo tsakanin kai da gaɓoɓi yakan rikice. Akwai wani nau'in kumburin da ake gani ga masu borin jini, wato masu asma, yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata mai naci. Likita Jun-ichi Kira na jami'ar Kyushu a Japan ne ya fara bayyana shi a 1997.

Ciwon ya fi kama laka ta wajen wuya. Yakan fara da mutuwar hannu ko ƙafa, da jin kamar ana tsira allura, ya lafa ya dawo har tsawon watanni.

Abu uku likita ke dubawa: tarihin borin jini, hoton IRM da ke nuna wurin kumburin, da gwajin jini da ke nuna hawan sinadarin IgE, musamman wanda jiki ke yi saboda ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki. Ana kuma ɗibar ruwan laka a auna.

Sai dai a wuri irin Matameye, cikin jihar Damagaram, gwajin jinin shi kaɗai yana iya yaudarar mutum. Tsutsar ciki da tsargiya su ma suna ɗaga IgE, kuma mai aikin lambu ko rake a kwarin Korama ba ya rabuwa da ruwan tabki. Ƙwan tsutsar tsargiya kan kai har cikin laka, amma shi ya fi sauka a ƙasanta: ciwon ƙugu, raunin ƙafafu, riƙewar fitsari. Tarin fuka ma yana cin ƙashin baya ya danne laka. Waɗannan ne ya kamata a fara kawarwa, domin maganinsu daban ne. Tsargiya na buƙatar praziquantel, kuma ba mai tarin fuka kortizon ba tare da maganin tarin ba na iya ƙara masa ciwo.

Na'urar IRM kuwa sai manyan asibitocin birni. Wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, kada a tsaya shafe-shafe a gida. A kai shi asibitin gunduma a ranar, a karɓi takardar turawa zuwa Zinder.