Daga raƙumin Tarabulus zuwa bututun Agadem: yadda fataucin Damagaram ya sauya alƙibla

Duk mai zama bakin hanyar Magarya ya saba ganin motoci cike da wake da bisashe sun nufi kudu. To ku sani, a zamanin kakanninmu babban fataucin ƙasar nan arewa yake duba.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari kan tashi daga Zango ya ratsa Damargu da Agadas, ya bi ta Gat da Gadamas har Tarabulus, tafiyar watanni. Ana tafiya da gashin jimina, hauren giwa da fatu jemammu, kuma a faɗi gaskiya, har da bayi. A dawo da yadi, takarda, duwatsun ado da bindigogi. Gashin jiminar nan matan Turai ne ke ado da shi a huluna, don haka in yayi ya canza a Paris ko Landan, sai bafatake a Zango ya kwana da asara bai san dalili ba. Harajin wannan ciniki na cikin abin da ya ba sarki ƙarfin gina ganuwar Birni da ƙera igwa. Attajirai irin su Malam Yaro a nan suka yi suna.

Sai shekarar 1911. Faransawa, da suka kama garin tun 1899, suka mai da Zinder babban birnin yankin sojan Nijar. Amma a shekarar nan Italiya ta afka wa Tarabulus, kuma jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke wata da watanni da shi, jirgi ya riƙa kawowa cikin kwanaki, da araha. Ayarin arewa ya mutu a tsaye. A 1926 ma aka ɗauke babban birnin zuwa Yamai.

Abin da ya maye gurbi shi ne gyaɗa. Dattawan Dogo, Magarya da Matamaye sun san zamanin sikeli, lokacin da kuɗin haraji da na aure duk daga buhun gyaɗa suke fitowa. Bayan 'yancin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA don saye da fitarwa, kuma gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke sayarwa waje. Farin 1973 da cutar da ta biyo baya suka durƙusar da ita, yuraniyom na Arlit ya karɓe wurin. Sai dai fa kuɗin ma'adini ba ya bi ta hannun manomi kamar na gyaɗa.

Yau kasuwarmu ta gaske Maigatari ce da Dawanau. Naira ta faɗi, mai sa a nan ya ji a aljihunsa. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, takunkumin CEDEAO ya zo a 2023, kowa ya ga yadda kaya suka tsaya.

Man Agadem kuwa, tun 2011 ake tace wani sashe a matatar SORAZ, arewa da Zinder. Ɗanyen da ake fitarwa yana bin bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme ta Benin, inda jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayun 2024, iyakarmu da Benin ɗin tana rufe.