Takardar mallakar ƙirƙira: inda take aiki da inda ba ta yi, daga Tamanhint zuwa Yawunde

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira brevet d'invention da Faransanci, bara'atul ikhtira da Larabci, shaida ce da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko sabuwar hanyar sarrafa wani abu. Da ita yake iya hana wasu ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi ƙasar ba da izininsa ba, na wasu shekaru ƙayyadaddu. A madadin haka, sai ya bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, a wallafa kowa ya gani.

Sharuɗɗan uku ne: abin ya zama sabo, ya wuce abin da duk wani gwani a sana'ar zai iya hangowa da sauƙi, kuma a iya ƙera shi a yi amfani da shi. Na farkon ne ya fi kayar da mutane. Makanikin da ya gyara injin ban-ruwa a gonakin Tamanhint, kusa da Sabha, ya ɗauki bidiyo ya saka a Facebook, ko ya sayar da guda goma kafin ya shigar da takarda, yana iya rasa haƙƙinsa gaba ɗaya, don abin da jama'a suka riga suka gani ya daina zama sabo a idon doka.

Sai batun iyaka, wanda ya fi shafar Hausawan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Takardar ba ta tsallake iyakar da aka ba da ita. Libiya tana aiki da dokarta mai lamba 8 ta 1959, kuma ba ta cikin ƙungiyar OAPI, saboda haka takardar da aka samu a Turabulus ba ta hana kowa kwaikwayon na'urar a Agadas ko Damagaram. Nijar kuwa tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Buƙata ɗaya a can tana ba da kariya ta shekara 20 a Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Togo, Burkina Faso da sauran mambobi, muddin ana biyan kuɗin kowace shekara. Ƙungiyar tana kuma da ƙaramar takarda ta shekara 10, modèle d'utilité, wadda a gaskiya ta fi dacewa da irin gyare-gyaren da masu walda da makanikai ke yi. Nijeriya tana da tata dokar ta 1970, ana rajista a Abuja. Gana da Sudan suna ƙarƙashin ARIPO da ke Harare.

Yarjejeniyoyi biyu ne ke haɗa waɗannan tsare-tsare. Ta Paris ta 1883 tana ba wanda ya shigar da buƙata a ƙasa ɗaya wata 12 ya shigar a sauran, ana lissafa masa ranar farko. Ta PCT, wadda Libiya ta shiga a 2005, tana tsawaita lokacin zuwa wata 30.

Abin yana yiwuwa ga ɗan yankin. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiri hanyar kunna injin ban-ruwa daga nesa da wayar salula, ya yi wa fasaharsa rajista, ya kuma ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015.

Aikin lauya ko wakilin da hukuma ta amince da shi ya fi nauyi wajen rubuta sashen da ke fayyace ainihin abin da ake neman karewa. Idan aka ƙuntata shi, mai kwaikwayo zai sauya ƙusa ɗaya ya wuce. Idan aka faɗaɗa shi fiye da kima, kotu za ta iya soke takardar. Wanda ba ya zaune a ƙasashen OAPI dole ne ya bi ta hannun irin wannan wakili.