Jinyar Tattaunawa ga Masu Larurar Rashin Jure Sinadarai: Abin da Gwajin Danmak Ya Nuna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin jinyar tattaunawa wajen kula da masu larurar da likitoci ke kira MCS, tare da auna abin da jinyar ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinta.

Gabatarwa

Mai wannan larura da ya shaƙi ƙamshin turare, ko warin fenti, ko hayaƙin taba, ko da ɗan kaɗan ne wanda sauran jama'a ba za su ji ba, sai ciwon kai da jiri da sarƙewar numfashi su taso masa. Theron Randolph, wani likita a Amurka, ya fara bayyana ta a shekarun 1950, Mark Cullen kuma ya raɗa mata suna a 1987.

Asalinta ne har yau ake taƙaddama a kai. A 2006 Das-Munshi da Rubin da Wessely sun bi diddigin gwaje-gwaje 37, suka gano cewa idan aka ɓoye warin sosai, majinyata ba sa iya bambance sinadarin gaske da na bogi. A Jami'ar Leuven ta Beljiyam kuwa, Omer Van den Bergh ya haɗa wa masu ƙoshin lafiya warin amoniya da iskar da ke sa haki. Daga baya warin kaɗai ya riƙa tayar musu da alamomin. Jiki yana koyon tsoro, kuma ciwon da ya koya ciwo ne na gaske, ba raki ba.

Gwajin Danmak

A 2015 Hauge da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwaji a kan mutum 69. Wani rukuni ya yi mako 8 a jinyar tattaunawa yana koyon natsuwa da lura da abin da jiki ke ji ba tare da firgita ba, ɗayan rukunin ya ci gaba da kulawar da ya saba samu. Bayan shekara guda, jinyar ba ta rage illar larurar a rayuwar waɗanda suka yi ta ba. Abin da ya canza shi ne yadda suke kallon ciwon, domin fargabarsa ta yi musu sauƙi.

Wasu za su raina wannan sakamako. A ganina bai cancanci raini ba. Macen da ta daina shiga motar haya, ta ƙaurace wa biki, ta hana jikokinta rungumarta saboda ƙamshin sabulun da ke jikin rigunansu, tsoro ya riga ya cinye rabin rayuwarta. Duk abin da ya sassauta wannan tsoro ya yi aiki.

Sai dai wajibi ne likita ya faɗi gaskiya tun ranar farko. Idan ya ce wa majinyaci "ai a ranka ne kawai", ba zai sake ganinsa ba. Idan kuma ya yi masa alkawarin waraka, ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Hujjar da ke hannu a yau ta nuna jinyar tattaunawa tana rage fargabar ciwon, amma ba ta kai ga kawar da larurar ba.