Bazara da sanƙarau a ƙasar Gumel: abin da shekaru suka koya mana

A ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba sai an duba kalanda ake sanin bazara ta kama ba. Hunturu ya janye, iska ta yi zafi, laɓɓa sun bushe, dare ya yi ana juyi a tabarma barci ya ƙi zuwa. A wannan lokacin ne cutar sanƙarau ta fi yin ɓarna, kuma tana da dogon tarihi a ƙasar nan, wanda ya kamata kowane magidanci da uwargida su sani, domin a cikinsa ne za a gane abin da dabarun gida suke iya yi da abin da ya fi ƙarfinsu.

Annoba ta farko da likitoci suka rubuta labarinta a arewacin Nijeriya ta auku ne a 1905. Daga nan ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, ta kunno kai da rani, ta tsananta da bazara, ta lafa da saukar damina. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zayyana yankin da cutar ta fi addaba, wanda a yau aka san ya miƙe daga Senegal har zuwa Habasha. Arewacin Jigawa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suna cikin wannan yanki. A shekarun 1970 kuma, Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike mai zurfi a kan alaƙar cutar da yanayi.

Abin da aka fahimta shi ne, ƙwayar cutar tana iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye ba tare da ta yi masa komai ba, yana yaɗa ta ta tari da atishawa bai sani ba. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura su ne suke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini, ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa da laka. Zafin rana shi kaɗai ba ya haifar da sanƙarau, dole sai da ƙwayar. Cunkoso a ɗaki marar taga kuwa yana sauƙaƙa mata tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Dattawanku ba za su manta da 1996 ba. A shekarar an ƙiyasta mutum fiye da 100,000 sun kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da ke Kano. Yara 11 sun rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, aka yi doguwar shari'a, har aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda duk yake mamakin yadda wasu iyaye suke ɗari-ɗari da allura, to ya tuna da wannan. Tambayar da uba yake yi, "Wace allura ce wannan, kuma mene ne amfaninta?", tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinsa ne ma'aikacin lafiya ya ba shi amsa filla-filla.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. A watan Disamba na 2010 aka fara amfani da rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso, wanda aka haɗa shi musamman domin nau'in A, nau'in da ya haddasa annobar 1996. Ya iso Nijeriya a 2011. Cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusa ɓacewa daga duk ƙasashen da aka yi rigakafin. Amma ƙwayar tana da dangi. A 2017 nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe fiye da mutum 1,000. Daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023 kuma ya auka wa Damagaram da Jigawa, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a Nijeriya a lokacin 'yan Jigawa ne. Ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautar Gumel suna cikin inda aka yi rigakafin gaggawa a watan Maris na 2023. Ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san mutanen ƙasashen biyu jama'a ɗaya ce, cuta kuwa ba ta tsayawa a kan iyaka. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV, mai kare mutum daga nau'i biyar, wato A da C da W da X da Y, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su, ga masu shekara 1 zuwa 29.

To, ina matsayin dabarun iyaye da kakanni a cikin wannan labari? Suna da matsayi babba. Kwana a tsakar gida ko a rumfa da bazara yana rage cunkoson ɗaki, sai dai a ɗaura gidan sauro. Rawani da mayafi da ake rufe hanci da su idan ƙura ta taso suna kare maƙogwaro. Ruwan randa, kunun tsamiya, kunun zaƙi, fura da nono da zoɓo marar sukari da yawa suna mayar wa jiki ruwan da gumi ya kwashe, muddin ruwan da aka haɗa su da shi mai tsabta ne. Ku duba fitsari: idan ya yi ja kuma ya yi kaɗan, jiki yana neman ruwa. Jariri da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi ko da ana tsananin zafi. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba shi mama. Idan yaro yana gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, yana kurɓa ana kan hanyar asibiti.

Ko dabarar sanyaya abinci ba tare da lantarki ba tana da tarihi a jihar nan. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya tafi da zafin. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ina jan hankalinku cewa yawancin magunguna ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ɗakin kwano kuwa da rana yakan zarce haka nesa. Kada ku ajiye magani a bakin taga ko cikin mota. Mai ciwon sukari da ba shi da firji yana iya sa insulin a cikin irin wannan tukunya, a cikin mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi.

Duk da haka, babu jiƙo ko turare ko tsimi da yake kashe ƙwayar sanƙarau idan ta riga ta shiga jiki. Cuta ce da kan iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira sukan rayu da nakasa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Alamominta su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewa. Jariri kuwa wuyansa ba lallai ya sanƙare ba; sai dai ya ƙi mama, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura. Idan kun ga haka, kada ku jira gari ya waye, kada ku tsaya sayen ƙwayoyi a kemis. Ku nufi asibiti mafi kusa, domin allurar da ake yi ta jijiya tana ceton rai idan an fara ta da wuri.

Kafin bazara ta tsananta, ku ɗauko katin rigakafin kowane yaro ku kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. Idan masu rigakafi suka zo unguwarku ko makarantar allo, ku tambaye su abin da kuke son sani, sannan ku fito da yaran, har da almajiran da suke hannunku amana. Allah ya raba mu da annoba, ya kai mu damina lafiya.