Kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci: yadda ake raya na'urorin da aka daina ƙerawa

Kwaikwayon kwamfuta dabara ce ta sanya na'urar zamani, kwamfuta ko wayar hannu, ta yi aiki tamkar wata tsohuwar na'ura da aka daina ƙerawa. Ana yin haka da manhajar kwaikwayo, wadda ke buɗe wasanni, manhajoji da takardun da aka tsara domin tsohuwar na'urar ba tare da an sauya musu komai ba. Dabarar ta daɗe. Kamfanin IBM ya yi amfani da ita a kwamfutocinsa na System/360 da ya gabatar a 1964, domin abokan cinikinsa su ci gaba da aiki da manhajojin tsohuwar IBM 1401.

Na'urorin da aka fi kwaikwaya

Daga ƙarshen shekarun 1970 kwamfuta ta fara shiga gidajen jama'a a Amurka da Turai. Apple II ta fito a 1977, BBC Micro a 1981, sai ZX Spectrum ta kamfanin Clive Sinclair na Birtaniya da Commodore 64 ta Amurka, duka a 1982. Yawancin waɗannan na'urori ana jona su ne da akwatin talabijin, ana kuma loda musu manhaja daga kaset irin na rediyo ko daga faifai. Ma'adanar Commodore 64 kilobait 64 ce kacal, wadda ba za ta ɗauki hoto guda na wayar yau ba, amma an sayar da miliyoyinta, kuma a kanta matasa da dama suka koyi rubuta manhaja. Kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994.

A yau kowace daga cikinsu tana da manhajar kwaikwayonta: VICE domin Commodore, Fuse domin Spectrum, AppleWin domin Apple II, sai DOSBox domin manhajojin MS-DOS. Akasarinsu masu aikin sa-kai ne suka rubuta su, kuma kyauta ake samun su.

Yadda dabarar ke aiki

Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da jerin umarnin da take fahimta. Spectrum tana amfani da Z80, Apple II kuma da 6502, kuma babu ɗaya daga cikin harsunan nan da ƙwaƙwalwar wayar zamani ke ganewa. Aikin manhajar kwaikwayo shi ne ta karanta umarnin tsohuwar na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta aiwatar da abin da ya yi daidai da shi a sabuwar. Haka nan take kwaikwayon sassan da ke fitar da hoto da sauti.

Babban ƙalubale shi ne lokaci. Masu rubuta manhaja a wancan zamani sukan dogara da ainihin saurin na'urar da yadda talabijin ke zana hoto layi-layi, don haka kuskure ƙanƙani a lissafin lokaci yakan ɓata hoto ko sauti. Bayan wannan, ana buƙatar kwafin manhajar asali da kamfani ya dasa a cikin na'urar, wadda ake kira ROM, da kuma kwafin abin da ke kan kaset ko faifai a matsayin fayil.

Darasin aikin Domesday

A 1986 BBC ta kammala wani gagarumin aiki na tattara bayanan rayuwar yau da kullum a Birtaniya, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086. Kimanin mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, suka ba da rubutu da hotuna, aka adana su a kan manyan faya-fayen LaserDisc waɗanda sai da wata kwamfuta ta musamman ake iya karanta su. Kafin a cika shekara 20, na'urorin da ke buɗe su sun yi ƙaranci matuƙa, alhali littafin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi. A 2002 wani shiri na jami'o'in Leeds da Michigan mai suna CAMiLEON ya yi amfani da kwaikwayo ya sake buɗe bayanan.

Tun daga 2013 ma'ajiyar Internet Archive take ba jama'a damar sarrafa tsofaffin manhajoji kai tsaye a shafinta, ba tare da sun girka komai ba.

Matsayin doka

A Amurka kotu ta ba masu kwaikwayo kariya. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar Sony da Connectix cewa nazarin manhajar asali ta PlayStation domin rubuta manhajar kwaikwayo bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. Sai dai rarraba kwafin ROM da na wasanni ba tare da izinin masu su ba yana nan a matsayin keta haƙƙi, ko da an daɗe da daina sayar da su. Kamfanoni sun sha bamban a kan wannan: Amstrad, wanda ya sayi sashen kwamfutocin Sinclair a 1986, ya yarda a riƙa rarraba ROM na Spectrum tare da manhajojin kwaikwayo, wasu kuwa suna kai ƙara kotu.

Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa yanzu. Duk da haka, a 2024 hukumomin haƙƙin mallaka na ƙasar sun ƙi amincewa da buƙatar barin ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buɗe irin waɗannan wasanni daga nesa.

Abin da ya shafi kowa

Batun ya wuce wasanni. Gwamnatoci, kotuna, bankuna da gidajen jarida suna mayar da bayanansu cikin kwamfuta, kuma kowane fayil yana dogara ne da manhaja da na'urar da ke iya buɗe shi. Idan kamfanin da ya ƙera su ya rufe, ko ya hana a kwafe su, bayanan na iya zama a ajiye amma ba mai iya karanta su. Saboda haka masu adana tarihi ke ba da shawarar a riƙa ajiye fayil tare da manhajarsa da cikakken bayanin na'urar da aka tsara ta dominta, tun masu ilimin na'urar suna raye.