Tsofaffin Gine-ginen Ƙasar Kazaure

Tarihin gine-ginen Kazaure yana tafe ne da tarihin masarautar. Ɗan Tunku ya kafa ta a 1819, bayan ya yanki ƙasa daga Kano da Katsina da Daura, amma a zamanin ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, garin ya zauna da gindinsa a matsayin mazaunin sarki. Masu riwaya na cewa wani maharbi ne ya ga wurin a tsakanin duwatsu, ya ce kamar zaure yake, sunan ya bi shi.

Tsaro aka fara yi wa gini. Masarauta ce ƙarama a tsakanin manya, ga Damagaram tana kawo hari daga arewa, don haka gari sai da ganuwa da ƙofofi, ƙauye kuwa a yi masa kafi. A Kazaure da Roni duwatsu sun rage wa magina aiki. Wajen Ɓaɓura, inda ƙasar jigawa ce shimfiɗaɗɗa, ba abin da za a jingina da shi.

A cikin gari, fada da masallacin Juma'a da gidan hakimi su ne manyan gine-gine, kuma da ƙasa aka yi su. Akan kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a mulmula tubali a shanya. Magini na bisa katanga, yaro na jefa masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa yana jerawa. Rufi kuwa sai azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi in ta yi tsawo, sai a ɗaura bakan gizo don soro ya yi faɗi, dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura da ita a masallacin Zariya. A ƙarshe a shafe bango da makuba, a sa indararo, a kafa zanko.

Irin wannan gini sai da yaɓe duk shekara kafin damina. Da Turawa suka ci ƙasar, yaƙi ya ƙare, gyaran ganuwa ya tsaya, aka riƙa ɗibar ƙasarta ana gina gidaje. Daga baya siminti da kwano suka shigo. Abin da ya fi daɗewa shi ne tsarin: zaure a gaba, soron tsakiya, sannan cikin gida, ko a gidajen bulo na Gwiwa da 'Yankwashi.